Ɗakin da Tagarsa Take Kallon Ruwa

Bayan isha'i, a tsakar gidanmu na Bagalam,
Sa'ade ta ajiye salula kan tabarma,
ta ce, "Inna, Baba, kuɗin suna hannuna,
ku dai ku zaɓi inda za ku kwana."

Malam Ɗanjuma ya gyara zama, ya yi tari.
Shekara talatin da ɗaya yana jan gingimari
daga Maraɗi zuwa Lome, ya juyo da shinkafa,
da ƙarfen gini, da ciwon ƙafa.
Ya ce ya san teku kamar tafin hannu.
Na ce, "Tsaya, Malam, mu bi ta sannu.
Wane launi gare ta da asuba?"
Ya yi shiru.
Ashe bai taɓa dubawa ba.
Abin da ya sani katangar tashar jiragen ruwa,
layin motoci, takardun duwan,
da barci ƙarƙashin mota, sauro na yi masa kiɗa.

Hoton farko: otal mai hawa tara,
gilashi tun daga ƙasa har inda ido ya gaza.
Kwana ɗaya jika sittin.
Malam ya lissafa a yatsu, buhun hatsi nawa ke nan,
ya ce, "Ko gadon yana maganin tsufa?"
Har da tafkin siminti a tsakiya, shuɗi kamar bula.
Wanda ya baro gida don ruwan da ba shi da iyaka,
me zai yi da kwatarniya?

Na biyu a Zango, masaukin wani ɗan Tibiri.
Tuwo da miyar kuka, masallaci a ƙofa,
jika biyar, har da shayin safe.
Fuskar Malam ta washe kamar an biya shi bashi.
Na karɓi salula, na matso da ita kusa da ido:
tagar tana kallon bangon gareji.
Na ce, "In tuwo zan bi kwana biyu a mota,
ga tukunyata can, ko wanke ta ban yi ba."

Sa'ade ta yi dariya, ta ja yatsa.
Sai ga wani ɗan ɗaki, rufin ganyen kwakwa,
fenti ya fara ɓarewa a jikin ƙyaure,
kwale-kwale uku kife a kan rairayi,
an shanya taru kamar zannuwan wata ƙatuwar mata.
Mai ɗakin ta ce a waya, ba ta ɓoye ba,
famfo yakan ɗauke, fanka ɗaya ce,
kuma teku ba ta barci, ba ta barin baƙo ya yi.

Na ce, "Shi ne."

Shekara talatin da ɗaya ina wanke rigunansa,
ina jin warin gazuwal da wani abu a ƙarƙashinsa,
ɗanye, mai gishiri, wanda ban san sunansa ba.
Ni Gulbi na sani, baƙon damina,
ya zo da hayaniya, ya tafi ya bar mana yashi.
Na san Madarunfa, amma daga wannan gaɓa
kana hango shanun da ke kiwo a waccan.
Ina son ruwan da zan duba, in duba,
idona ya gaji bai taɓa ƙasa ba.

Malam ya ce, "Masallaci fa?"
"Minti goma a ƙafa, Baba, ta bakin ruwa."
Ya juya carbi, ya daɗe yana kallon hoton,
kwale-kwalen nan, da farin kumfa a gefe.
Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa,
"Tambaye ta ko akwai kujera biyu a ƙofar."

Na shiga ɗaki na buɗe akwati.
Kafin zane, kafin takalmi,
na sa kwalbar man shafawa da na wanke tas,
don maƙwabciyata Barira ta rantse
ba ta yarda ruwa mai yawa haka
a ce duk an sa masa gishiri.