Kuɗin Kifewa

Shekara goma sha tara ina ƙetare doguwar gadar nan,
a kujerar bayan danfo, gwiwata a haƙarƙarin wani,
ina leƙen ruwa ta taga
kamar mai leƙen gidan da ba a yi masa iso ba.
Ni ɗan Illela ne. Ruwan da na sani
da guga ake jawo shi, gaba ashirin,
ba ya motsi sai ka motsa shi.

Wata Lahadi na lulluɓe albasata da buhu,
na bar wa yaro rumfa, na nufi Badore.

Sewanu sunansa, ɗan Badagiri,
bai girmi ɗana na biyu ba.
Tafin hannunsa kamar ƙasan akushi.
Ya ce dubu talatin, awa uku.
Na yi dariyar da nake wa dillalai,
na taya sha biyar.
Ya ce, cikin buroka, ba komai Baba,
rabin kuɗi rabin tafiya:
zan kai ka tsakiya, dawowa kuma taka ce.
Na ƙirgo masa cif. Ban taɓa ba.

Ya ɗaura min riga mai launin lemo,
ya ja igiyoyinta har tumbina ya yi ƙorafi,
ya sa wayata a leda, ya ƙulle,
ya zaunar da ni a kwalekwalen roba
siriri kamar ɓawon ayaba.
Ko filafili bai miƙo min ba tukuna.
Ya dube ni, ya ce, ja numfashi.
Sai ya kifar da ni.

Na ga kore. Na ga baƙi.
Na sha Legas ta hanci, gishiri-gishiri da warin man jirgi.
Na kira sunan uwata, shekara tara da rasuwarta.
Ina duka, ina shuri, ina damƙar abin da babu,
sai murya daga sama: Baba, miƙe tsaye.
Na miƙe.
Iya ƙirji.

Hulata ta kama hanyar Epe ita kaɗai,
ba ta ko waiwayo ba.

Ya ce abin da ka biya ke nan,
sauran duk gyara ce.
Yanzu kwanta rigingine, saki hannu.
Hannun da ya saba da bakin buhu,
da bakin aljihu, da kwalar mai bashi,
yaya za a ce masa saki?
Ya tallafi ƙeyata da yatsu biyu,
ya yi ta surutu kan kifin da babansa ya taɓa kamawa,
ban san sa'ad da ya janye ba.

Daga nan muka tuƙa.
Yana karanta ruwa kamar yadda nake karanta albasa:
wannan lafiya lau, wancan ruɓa na ciki.
In jirgin masu yashi ya wuce, ba igiyar ruwa gefe,
ba ta hanci, ka gaishe ta fuska da fuska.
Muka ratsa itatuwa tsaye kan saiwoyinsu
kamar mutanen da suka tattare riga za su ƙetare,
ƙaguwa na gudu a kaikaice,
balbela ɗaya ta ƙi matsawa.
Da azahar ta yi, na tsoma hannu kawai na yi alwala.
Ba guga, ba igiya, ba layi.

Litinin ina kan gada, gwiwata inda ta saba.
Kafaɗata na ciwo kamar na sauke tirela.
Uwargida ta tambayi hular, na ce tana hanya.
Lahadi mai zuwa na riga na kama,
ban taya ba,
na kuma ware kwandon albasa na uwar yaron,
'yar Aliero, wadda ba ta saurin ruɓewa.