Gwangwanin Gwaggo Fermina

A El Alto rana tana ƙuna, iska tana yanka,
su biyun ba sa shiri sai a kan fuskar mutum.
Gwaggo Fermina ta san da haka.
Shi ya sa a ƙullin mayafinta,
tsakanin ganyen koka da canjin kasuwa,
akwai gwangwanin basilin mai lotsattsen murfi,
rubutunsa ya goge tun ban iya karatu ba.

Da asuba, kafin ta saɓi buhun dankali,
sai ta lakato da ɗan yatsa,
kaɗan, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.
Leɓe tukuna.
Sai kumatun nan da sanyi ya dafa har suka yi ja.
Abin da ya rage ta bi gira da shi,
ta kwantar da su kamar yaran da aka yi wa faɗa.
Jelar kitsonta biyu, masu taɓa ƙugu,
su ma a shafa musu a baki, kada su tsage.

A watan Yuni, in an tattake dankali cikin ƙanƙara
da ƙafa ba takalmi,
faso kan buɗe baki a dunduniyarta
har ka sa kwabo ya tsaya.
Ta cusa masa mai, ta ja safar ulu,
ta ce, "Rufe bakinka, gobe ma akwai aiki."

Ranar da aka kira ni gwajin aiki
a tashar motocin da ke rataye a igiya,
ba ni da hoda, ba ni da kwalli.
Ta ce, "Nelida, matso."
Ta kankaro ragowar wani tsohon jan-baki da tsinke,
ta kwaɓa da man a bayan cokali,
rabi a leɓena, rabi a kuncina.
Ta taɓa gashin idona.
Ta shafa a wuyan hannuna kafin turare,
wai don ƙamshin ya samu wurin zama.
Sannan zoben mahaifiyata,
da ya ƙi barin yatsanta shekara tara:
ta shafa, ta murza, ta cije baki,
ya zame.
Ta zura mini shi da ɗuminsa.

Na sauka La Paz ta sama, rufin gidaje a ƙarƙashina,
dutsen Illimani yana kallona da farar hularsa,
ina ganin ƙyallina a gilashi.

Ban samu aikin ba.
Sun ɗauki 'yar wani wanda ya san wani.

Da dare ta jawo kujera kusa da murhu,
ta ɗebo man nan dai, ta sa a tsumma,
ta goge kwalliyar da ta yi da hannunta,
a hankali, daga goshi zuwa haɓa.
Ba ta tambaye ni komai ba.
Na fara zare zoben, ta buge mini hannu.
Ta dubi ƙasan gwangwanin, ya fara nuna ƙarfe,
ta ce, "Zai kai mu Asabar."