Tawada a Babban Yatsa

Jajiberin zaɓe a Agege,
yau kwana goma sha ɗaya ba wuta.
Janaretan Baba Ajani na tari a bayan shagona,
wayoyi biyu sun fito daga cikinsa:
ɗaya ta hau lasifikar masallacinmu,
ɗaya ta tsallake kwata ta shiga coci.
Mai ɗaya suke sha,
amma kowacce da wanda ta ce Allah ya zaɓa.

Liman ya ce mu duba goshi.
Na duba. Alhajin na da tabon sallah
baƙi ƙirin, faɗin kwabo.
Shi ya kawo mana tabarmi arba'in bara,
shi kuma aka bai wa kwangilar kwatar nan.
Da ruwan Yuli ya sauko
sai ga tabarminmu suna iyo a titi,
kujerun coci na biye, sahu guda,
ba mai tambayar wani alƙibla.

Keken ɗinkina ya kwana uku a ruwa.
Har yau in na taka shi kuka yake kamar tsohuwar ƙofa.

Sallau ɗan canji, abokin shayina, ya ce,
"Tanimu, kana son wahalar da kanka.
Tuɓe addinin a bakin rumfa kamar takalmi,
in ka fito ka saka abinka."
Na ce, Sallau, takalmi ake tuɓewa,
ba a tuɓe ƙafa.
Wa ya koya min mayar wa mai atamfa ragowar yadinta
ko taƙi ɗaya ne, ko ba ta auna ba?
Ba jam'iyya ba ce.
Wanda ya hana ni cin ƙyalle
shi zan bari a waje ranar da ake rabon gari?

Ya kurɓi shayi ya ce, "To bi liman mana."
Ai ina binsa.
Ya yi ruku'u in yi, ya ɗago in ɗago.
Amma ko a sahu, in ya yi mantuwa,
mu na baya muke cewa subhanallah.

Kada ka ɗauka ɗaya 'yar takarar waliyyiya ce.
Ita ta sa aka kori 'yan acaɓa daga bakin gada,
har da ɗan ƙanena, Mati,
wanda yanzu ke dakon albasa a kasuwa.
Ledar shinkafarta ma ta iso,
girmanta ɗaya da ta Alhaji.
Ga su can ƙarƙashin tebur, kafaɗa da kafaɗa,
ban buɗe ba, ban kuma mayar ba.
Wannan ma zan amsa shi.

Da safe layi ya miƙe har bakin layin dogo.
Mama Tinuke mai burodi ce a gabana,
leɓenta na motsi, nawa na motsi,
ban san me take roƙo ba.
Da yayyafi ya fara ta matso da lemarta,
rabi kanta, rabi hulata.

Cikin rumfar ba liman, ba fasto,
ba Sallau, ba lasifika.
Kwali ne, da takarda, da ni,
da Wanda ba ya buƙatar leƙe.
Na yi bisimilla kamar zan sa almakashi
a shaddar da ba tawa ba,
wadda in na ɓata, unguwa ce za ta saka ta shekara huɗu.
Na dangwala.

Kada ka tambaye ni wa.
Ko uwargida ban faɗa wa ba.

Da azahar na tsuguna da buta,
na wanke hannu sau uku,
tawadar na nan a gindin farce.
La'asar, tana nan. Magariba, tana nan.
Tun muna yara ake faɗa mana
wata rana baki zai yi shiru, gaɓoɓi su yi magana.
Na dubi babban yatsana.
Shi ya riga ya fara.