Kofin da Nake Yi wa Rubutu

Duk watan Mayu suke kawo min shi
a naɗe cikin tsohon bargon ulu,
kamar jaririn da ake gudun iskar teku ta buge shi.
Ni ce Ishbel Mowat, maƙeriyar azurfa ta uku a gidanmu,
a nan gaɓar arewa ta Sikotland.
Aikina a kansa bai taka kara ya karya ba:
suna ɗaya a shekara, da lambobi huɗu.

Kakana ne ya fara.
Ga hannunsa can sama, haruffa masu ƙiba,
duk sun karkata hagu kamar mai jin barci.
Ƙungiya takwas ce a shekarar fari:
masunta, mafasa dutse, ma'aikatan jirgin ƙasa,
da wasu makiyayan tumaki da suka zo filin a ƙafa.
A cikin hular fada aka tara kuɗin kofin, kwabo-kwabo,
har da maɓallin riga guda biyu.

Doka ba ta sauya ba tun ranar.
A zuba sunaye a jaka, a girgiza, a zaro biyu.
Wanda ya faɗi ya naɗe tabarmarsa.
Babu "sai mun sake haɗuwa", babu bashin gobe.
Giwa da ɓera, ƙofa ɗaya suke bi.

Sauko da yatsanka kaɗan. Ka ji wurin nan sumul?
Shekara shida ke nan babu suna.
Bayan yaƙi kwamiti ya ce wa babana
ya matso da rubutu, a rufe giɓin.
Ya ce a'a.
Ya ce waɗanda za su ci kofin a shekarun nan
suna kwance a ƙasar wasu,
ba zai ba wa kowa gurbinsu ba.

Wannan lotsawar ta gefen kunne kuma
ta shekarar da ƙauye mai mutum ɗari huɗu
ya kayar da 'yan birni masu motar kansu.
Golansu, Dougal Cormack, yatsa tara gare shi,
igiyar jirgi ta cinye na goman,
amma ranar ko sauro bai wuce shi ba.
A jirgin kamun kifi suka kai kofin gida,
igiyar ruwa ta ɗaga, ya suɓuce, ya bugi anka.
Sau uku ana ba ni kuɗi in miƙe wurin.
Ina miƙe tabon da yake ba da labari?

Abin da ke damuna, kofi bai san wanda ya faɗi ba.
Yanzu ƙungiya sittin da huɗu ke shiga,
sittin da uku su koma da taɓo a gwiwa,
ni kuwa ɗaya nake rubutawa.
Ƙanena Torquil ya tsaya bugun fanareti a wasan ƙarshe,
ya ɗaga ƙwallo sama da raga,
har ta faɗa maƙabartar bayan fili.
Shekara talatin bai sake bin titin nan ba.
Wani dare na kifa kofin,
na karci harafinsa ƙarami a ciki, can ƙarƙashin gindi,
inda mai goge shi kaɗai zai gani.
Ban faɗa masa ba. Ya rasu bara.

Jiya wani saurayi mai jakar takardu ya zo,
ya auna, ya ce saura gurbin suna huɗu,
wai kamfani zai kawo sabo, mai ƙyalli, daga inji.
Na ce to.
Da ya fita na wasa bakin ƙarfena ya ƙara tsini.
Idan na ƙanƙanta haruffa,
idan idona bai ci amanata ba,
bakwai za su shiga.