Allurar Mai

A Goris, ƙarshen kaka,
kafin ƙanƙara ta rufe hanyar Sisian,
na kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyarin tsohuwar Niva,
ƙafafu a waje, kai cikin duhu,
tocila a baki kamar kare da ƙashi.
Babana Vazgen na tsaye da kofin gahawa,
yana ba ni shawarar da ban tambaya ba.

Shekara ashirin da huɗu allurar mai na yi masa ƙarya.
Tanki ya cika, ta ce rabi.
Ya yi rabi, ta kwanta kamar gawa.
A faɗa rami, ta zabura,
ta yi 'yar rawa, ta koma barci.
Ta zafin inji kuwa ba ruwanta da inji,
sai an kunna fitila take hawa ja,
ko da sanyi na fasa dutse.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne.
Wannan dai ya kai mu Yerevan ya dawo da mu
sau nawa, ban ƙirga ba.

Na kwance kusoshi huɗu, na zaro allon.
Bayansa wayoyi sun cukurkuɗe:
wata an naɗe ta da tsumma,
wata da salatif da ya bushe ya zama ɓawo,
ga inda ɓera ya ci rabonsa,
ga fis da aka maye da guntun ƙusa.
"Aikin wa ke nan, Baba?"
"Hrant bakanike. Kada ki zage shi, ya rasu."

Na ɗora mita. Batir lafiya lau.
Wuta na fita, tana isa inda aka aike ta.
Sai na bi baƙar waya da yatsa
kamar mai bin sawun akuya a kan tsauni,
har can ƙurya, inda hannu ke shiga da ƙyar.
Noti ɗaya. Ya yi kore, tsatsa ta cinye wuyansa.
Nan wuta ke bi ta koma jikin ƙarfe
in ta gama aikinta.
Hanyar komowa ce ta toshe,
ita kuwa wuta in ta rasa ƙofar gida
sai ta kutsa ta gidan maƙwabta,
ta tayar da allurar da ba a kira ba.

Ina neman samfefa a aljihun gaba
na ci karo da littafin Mama.
Araksi, da fensirinta ɗaure da zare:
rana kaza, lita goma sha biyar, kilomita kaza,
layi bayan layi, har kan marfi.
Ita ce ma'aunin motar nan.
Ita ke cewa, "Vazgen, tsaya a gidan mai na gaba,"
ba ta ko dubi allo ba.
Layin ƙarshe ya shekara uku.
Tun daga nan sau biyu aka tsinci Baba a gefen titi,
da galan a hannu, yana tafe cikin iska.
Abin da ya taso ni daga birni ke nan.

Na kankare ƙarfen har ya yi fari,
na yanke ruɓaɓɓen bakin waya,
na narka dalma, hayaƙinta ya sa ni hawaye,
ko kuwa na ɗora wa hayaƙin.
Sabon noti, ɗan man giris, sabon fis.

"Murɗa makulli."
Allura ta taso a hankali,
kamar tsohuwa daga tabarma,
ta wuce rabi kaɗan, ta tsaya cak.
Ya kunna fitila. Ta zafi ba ta motsa ba.
Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, don sabo.
Shiru.

"Yanzu gaskiya take faɗa, Nvard?"
"Gaskiya, Baba."
Ya jinjina kai, ya daɗe yana kallonta
kamar baƙuwar da ta zauna a kujerar wani.
Sannan ya miƙa hannu ya karɓi littafin,
ya lashi bakin fensir,
ƙasan rubutunta ya sa kwanan watan yau.