Mahon Cikin Baduku

Shekara talatin ina zaune a Madunka,
ni da basilla da 'yar wuƙar yanka.
Jar fatar akuya in ta ɓarke
ni ka rufe ta, ko mai ita bai gane ɗinki.

Sai ga salkar da Allah ya rataya mini
ta huje ta ciki, inda hannu bai kaiwa.
Ƙarfe biyun dare take tashe ni,
garwashi ɗaya tak a ƙahon zuci,
in zauna bakin gado, in riƙe, in yi shiru
don kada Tumba ta farka ta ce, "Na gaya maka."

Mi ne ban sha ba?
Zuma farar saƙa daga hannun Ɗan Ige,
nonon raƙuma da aka kawo daga Illela,
yauƙin kuɓewa da ta kwana cikin ruwa,
ruwan kabeji, mai warin da ke korar baƙo.
Wani ya ce kanwa. Kanwa ta lallashe ni da hantsi,
la'asar na yi ta karɓi kuɗinta.
Zumar dai ban zarge ta ba,
ta yi abin da tabarma ke yi wa mai gajiya.

Likita ya leƙa ta bututu, ya ce ƙwayar cuta ce,
sati biyu na magani, kar in tsallake ko ɗaya.
Ya hana ni ƙwayar ciwon jiki
da nake haɗiya da yunwa don in gama aiki,
ya dubi jan haƙorana bai ce komai ba.
Goron na gane da kaina.

Ran Juma'a Luba ta dawo daga jami'a,
ta tsuguna tana tsince mini guntayen fata.
Ta ce, "Baba, akwai ƙwayoyin asali a jikin mutum
da ba su zaɓi sana'a ba tukuna.
Masana na son ɗebo su, su kai bakin gyambo,
su ce musu: ku zama nama."

Na aje basilla.
Ai wannan karatun a hannuna yake!
Maho in daga jikin fatar aka yanko shi
ya fi kwanciya, rini ma bai tona shi.

Na ce, "Ina layi?" Ta yi dariya:
"Gwaji ake, Baba. Ba ta fito kasuwa ba."

To, na san fatar da ke cikin bagaruwa.
Mai gaggawar tsamo ta, wari zai ɗauka.
Su jeme a hankali.

Ni dai yanzu kunu nake fara sha kafin in buɗe rumfa.
Daren jiya har asuba ban motsa ba,
sai Tumba ce ta taɓa ni
ta ji ko ina numfashi.