Odar Mame Adwowa

Ran Talata Mame Adwowa ta hau matakalarmu a Aboabo,
tana haki, ƙamshin dokunu na bin zanenta.
Kafin gaisuwa ta ƙare ta shimfiɗa min tafin hannu:
tabo kan tabo, tsohuwar ƙuna ta yi fari,
sabuwar ko ɓawo ba ta yi ba.
“Zeliya, shekara ashirin da ɗaya ina sauke tukunya
da yagaggen kwali da bakin zane.
Saƙa min abin riƙo, guda goma sha biyu.”

Hausarta ta kasuwa ce, Tonancina gurgu ne,
amma ciniki ba ya neman tafinta.
Na ce sidi ashirin kowane ɗaya, ta dafe ƙirji.
Muka sauka a sha biyar.
Ta tura kafin alƙalami ta waya,
ta tsaya a kaina har saƙon ya yi ƙara.

Ulu ta so, mai walƙiya, ruwan hoda.
Na ce a’a, wannan jikan roba ne,
ya ji wuta zai narke ya manne wa fata.
Auduga za mu sa, ruɓi biyu,
da ɗan kunne a kusurwa don ratayewa.

Kejetiya ta cinye rabin kuɗin a layin masu zare,
ɗan saura kuma yaron mota ya gutsura.

Sai dare, bayan na kife kwanuka,
in ɗauki kwarashi, wanda innata ta bar min,
kansa ya goge har yana sheƙi.
Sarƙa ashirin da biyar, juya.
Soka, jawo, zare. Soka, jawo, zare.
Mubarik na tambaya ta ina takalminsa,
na ce sha bakwai, sha takwas, duba ƙarƙashin gado.
Aka ɗauke wuta a na huɗu,
na maƙale fitilar waya tsakanin haɓa da kafaɗa.
A na bakwai na ga ido ɗaya ya tsere min
can ƙasa, layi tara baya.
Ba wanda zai gani. Yatsa zai ji.
Na warware.

Wani dare na yi lissafi:
awa uku kowane ɗaya, a cire zare, a cire mota,
awa guda ba ta kai kuɗin dunƙulen dokununta ba.
Na rufe littafin, na ci gaba da ƙirga ido,
shi dai ba ya ɓata min rai.

Na farko na gwada a tukunyar tuwona,
na riƙe, na ƙirga ashirin,
zafin ya yi sallama, bai samu shiga ba.

Ta karɓa, ta juya su ciki da bai,
ta cika kuɗi, har da gyaran kifi biyu.

Mako uku, hanya ta bi da ni Asafo.
Ga su nan a bangon rumfa, kowanne da ƙusarsa,
ja, kore, ruwan ƙwai, a jere,
tsaf kamar kayan da ba a kai ranar sa su ba.
Ga ta nan kuma cikin tururi,
tana sauke tukunya da yagaggen kwali.

Na ce, “Mame!”
Ta yi dariya, ta hura yatsa.
“Sun yi kyau da yawa, wa zai kai su bakin gawayi?
Masu saye ma sai sun tambaya.
Ki saƙa min wasu shida, baƙaƙe,
munana, waɗanda ba zan ji tausayinsu ba.”

Yau kwana biyu ina fama da baƙin zare.
Ina so in karkace gefe, in bar ido ya tsere,
hannun ya ƙi.